FASHIN BAƘI: Abin da launin ruwan Zobe ke faɗa wa tauraron ɗan'adam, da abin da yake ɓoye masa

Duk wanda ya saba zuwa bakin Dam ɗin Zobe, a Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, ya san ruwan ba ya shekara da launi ɗaya. A watan Agusta, lokacin da Kogin Karaduwa da ƙoramun da ke zuba cikinsa suka kawo, ruwan yakan yi jawur kamar kunun kanwa. Idan kaka ta yi, laka ta kwanta, sai ya fara washewa. Can cikin bazara kuma, bayan ruwa ya ja baya, rana ta buɗe, akan ga kore-kore a lungunan da ruwan ya daɗe a tsaye, kamar yadda ake gani a sauran madatsun Arewa. Masunci ba ya buƙatar a faɗa masa wannan, haka ma makiyayin da ke kai shanu mashaya.

An kammala gina dam ɗin a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, domin ya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170 saboda noman rani da ruwan sha. Ya shafe shekaru da dama cike da ruwa, alhali mutanen garuruwan da ke kewaye da shi suna saye a hannun 'yan garuwa. Sai a watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Dutsin-Ma ya ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan sha na Zobe. Daga ranar nan launin ruwan ya tashi daga zancen masunta kaɗai, ya zama zancen duk wanda ke sa ran famfo zai kawo masa shi, tun daga Dutsin-Ma, ta Kurfi da ke kan hanya, har birnin Katsina.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka nan ba ya sauya launi banza. Kowane launi shaida ce ta wani abu da ya shiga cikinsa, kuma a yau akwai taurarin ɗan'adam da ke wucewa ta saman Katsina ɗauke da kyamarorin da aka ƙera domin karanta wannan shaida dalla-dalla. Masana na kiran irin wannan kyamara haifasifektiral. Mu a nan za mu kira ta kyamara mai tsefe haske, don abin da take yi ke nan.

Yadda ake tsefe haske

Hasken rana da muke gani fari, a haƙiƙa launuka ne da yawa a cakuɗe. Bakan gizo ne ke tona wannan asiri idan an yi ruwa an ɗauke. Kowane launi yana da tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan'adam yana gani daga kimanin nanomita 400, inda shuɗi yake, zuwa kimanin 700, inda ja ya ƙare. Gaba da nan akwai hasken da ido ba ya kamawa amma na'ura tana kamawa.

Idan haske ya faɗa kan wani abu, abin yakan shanye wani ɓangare ya maido da saura. Ganyen dawa yana shanye shuɗi da ja, ya maido da kore, shi ya sa muke ganinsa kore. Kowane abu yana da tasa hanyar shanyewa da maidowa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa.

Idonmu yana tattara duk wannan bayani ne zuwa gida uku kacal: ja, kore da shuɗi. Kyamarar wayar salula ma haka. Taurarin ɗan'adam da aka fi amfani da su wajen duba ƙasa sun ɗara haka kaɗan. Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana raba hasken gida 13. Ita kuwa kyamara mai tsefe haske tana raba shi sili-sili, sama da sili 200, kowane sili faɗinsa bai wuce kimanin nanomita 10 ba, kuma a jere suke ba giɓi a tsakani. Saboda haka kowane ɗigo a hoton yakan zo da cikakken layi mai hawa da sauka, wanda ke nuna inda aka shanye haske da inda aka maido da shi. Bambancin ya yi kama da na wanda ya ce maka miya ta yi daɗi, da wadda ta ɗanɗana ta lissafo maka daddawa da kanwa da citta da masoro.

Amurka ce ta fara gwada irin wannan kyamara a sararin samaniya domin amfanin kowa, da na'urar Hyperion da aka harba a 2000, ta yi aiki har 2017. Italiya ta harba PRISMA a watan Maris na 2019, Jamus ta harba EnMAP ranar 1 ga Afrilu, 2022. Dukansu biyu suna shawagi a nisan sama da kilomita 600 daga ƙasa, suna ɗaukar fili mai faɗin kilomita 30, kuma kowane ɗigo na hotonsu mita 30 ne tsawo da faɗi. Filin ƙwallo guda zai ci ɗigo bakwai ko takwas. Ruwan Zobe, mai shimfiɗe a kan dubban hekta, zai ci dubun dubatar ɗigo, kowanne tamkar kwalbar gwaji ce da aka ɗiba a wuri dabam.

Me ya haɗa bakin teku da Karaduwa?

Amfani da wannan fasaha wajen nazarin ruwa ya bunƙasa ne a hannun masu nazarin gaɓar teku, kuma dalilin da ya sa suka matsa a kanta shi ne ya sa ta dace da mu. A tsakiyar teku, nesa da ƙasa, kusan abu ɗaya ne ke sauya launin ruwa, wato ƙananan tsirrai da ke yawo a cikinsa. Sili kaɗan ya isa a auna su. Amma a bakin teku, inda koguna ke zuba, abubuwa uku ne suke cakuɗewa: laka, da gansakuka, da jiƙon ruɓaɓɓun ganyaye mai sa ruwa ya yi kamar shayi. Kyamara mai sili kaɗan takan rikice, ta ɗauki wannan a matsayin wancan. Domin warware wannan rikici ne dakarun ruwan Amurka suka ƙera na'urar HICO, aka liƙa ta a Tashar Sararin Samaniya ta Duniya a 2009, ta yi shekara biyar tana ɗaukar hotunan gaɓar teku.

Ruwan dam a ƙasar Hausa irin wancan ruwan bakin teku ne, har ma ya fi shi cakuɗewa. Lissafin da aka gina domin bakin kogi a Turai ko Asiya shi ake gyarawa a yi amfani da shi a tafkuna da madatsu. Kuma in an bi ta barauniyar hanya, Katsina ma tana da rabo a teku: abin da ya tsallake Zobe yana bin Karaduwa zuwa Bunsuru, ya shiga Rima, ya haɗe da Kogin Sakkwato, ya faɗa Kogin Neja, ya ƙare a gaɓar nan ta Najeriya mai tsawon kimanin kilomita 850.

Sai dai ba kowane tauraro na teku ne zai yi mana amfani ba. PACE, wanda hukumar NASA ta harba ranar 8 ga Fabrairu, 2024, yana tsefe haske da kyau kuma yana ɗaukar hoton duk duniya cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma ɗigonsa ɗaya ya kai kimanin kilomita guda. A teku wannan ba komai ba ne. A Zobe, mai rassa sirara da suka kutsa tsakanin tuddai, yawancin ɗigon za su haɗo ruwa da gona da dutse a wuri guda, lissafi ya ɓaci.

Laka, ɓarawon da ba ya ƙara

Abu na farko da za a karanta a launin Zobe shi ne laka. Tsabtataccen ruwa yana shanye jan haske da wanda ke gaba da ja kusan gaba ɗaya, shi ya sa yake fitowa baƙi a irin waɗannan hotuna. Da zarar laka ta shiga, sai ya fara maido da ja, kuma gwargwadon yawanta gwargwadon hasken da ke dawowa. Daga nan ake ƙiyasta yawan ƙasar da ke cikin kowace lita, a kuma zana taswirar inda take shigowa: wace ƙorama ce ta fi kawowa, ina take bi, ina take kwanciya.

Wannan laka ƙasar gonakin mutane ce. Ta fito ne daga tudun da aka sare itatuwansa aka yi gawayi, da gonar da aka nome har bakin rafi, da kwazazzabon da ke ƙara baki kowace damina. Manomi ya yi asarar ta a can, dam ya yi asarar wuri a nan. Masana sun ƙiyasta cewa madatsun ruwa na duniya suna rasa tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na cikinsu a kowace shekara saboda cikewa da laka. Idan aka ɗauki mafi ƙanƙantar adadin aka ɗora a kan dam mai shekara 40, lissafi zai ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan misali ne na lissafi kawai, ba awon Zobe ba ne. Amma ya isa ya sa duk wanda ya ji jami'i yana ambaton adadin ruwan da dam ɗin ke riƙewa ya tambaye shi: na 1983 kake faɗa ko na bana?

Laka tana da kuɗi a matatar ruwa ma. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya ta ce gurɓacewar ruwan famfo kada ta wuce maki 5 a ma'aunin da ake kira NTU. Ruwan dam na damina yakan ninka wannan sau da yawa, don haka sai an zuba alif mai yawa kafin ya kwanta. Idan ba a kwantar da shi sosai ba, ƙwayoyin cuta sukan laɓe jikin ƙurar, sinadarin kulorin ya kasa kai musu. Injiniyan da ya san jan ruwa ya shigo ta bakin Karaduwa, kuma yana tafe wajen bututun da ke jan ruwa zuwa matata, yana da kwanakin da zai shirya. Wanda bai sani ba, sai ya gani a tanki.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya: awon laka ba ya buƙatar sili 200. Hotunan Sentinel-2, da ke fitowa kusan duk kwana biyar, da na Landsat, waɗanda Amurka ta buɗe wa kowa kyauta tun 2008, sun isa wannan aiki. Rumbun Landsat ya girmi dam ɗin kansa. Duk wanda ya zo yana neman kwangilar sayo sabuwar fasaha domin auna laka, a fara tambayarsa me ya yi da wadda take kyauta.

Koren da ba kamar sauran ba

Inda kyamara mai tsefe haske ta yi zarra shi ne wajen bambance kore da kore.

Duk gansakuka tana da sinadarin kulorofil, mai shanye haske a wajen nanomita 440 da kuma 675. Daga zurfin wannan shanyewa ake gane yawanta. Yawancin gansakuka ba ta da illa, ita ce ma abincin ƙananan halittun da karfasa da sauran kifaye ke rayuwa a kansu. Amma akwai wata iri, wadda a haƙiƙa ƙwayoyin bakteriya ce masu rayuwa kamar tsiro, ana kiranta siyanobakteriya. Tana son abu uku: zafi, da ruwa mai tsayuwa, da taki. Idan ta samu sai ta yi ambaliya, ta rufe fuskar ruwa kamar an zuba koren fenti. Wasu nau'o'inta suna fitar da guba mai suna maikurosistin, wadda ke lalata hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan guba a ruwan sha na yau da kullum a kan maikurogiram ɗaya cikin lita. Tafasa ruwa ba ya kashe ta. Tururi ya tashi ya bar gubar a tukunya, ta ƙara kauri.

Ba sabon abu ba ne. Tun 1878 aka rubuta rahoton mutuwar dabbobin da suka sha irin wannan ruwa a Tafkin Alexandrina na Ostireliya. A 1996, a garin Caruaru na Brazil, sama da mutum 50 masu wankin ƙoda suka mutu bayan an yi musu aiki da ruwan dam mai wannan guba. A watan Agustan 2014 aka hana kimanin mutum 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kusan kwana uku, saboda gubar ta ratsa matata daga Tafkin Erie. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botswana, gwamnatin ƙasar ta ɗora laifin a kan wannan guba. Dabba ta fi mutum shiga haɗari, don iska takan tara kumfar a gaɓa, daidai inda saniya ke sa baki.

Wannan bayani ba tuhuma ba ce ga ruwan Zobe. Abin da ake cewa shi ne, zafin Afrilu, da ruwan da ke tsaye wata bakwai ba sabon shigowa, da takin zamani da kashin dabbobi da ke gangarowa daga fadama, duk sharuɗɗa ne da kowane dam na Arewa yake da su. Wurin da sharuɗɗa suka cika, hankali ya ce a riƙa dubawa.

To yaya za a gane ta daga sama? Siyanobakteriya tana da wani sinadari da yawancin sauran ba su da shi, fikosiyanin, wanda ke shanye haske a wajen nanomita 620. Shanyewar siririya ce, kamar ɗan lotsawa a jikin layin. Sentinel-2 yana da sili a 560, yana da wani a 665, amma tsakaninsu babu komai, wato ya tsallake daidai wurin da shaidar take. Ɗan'uwansa Sentinel-3 yana da sili a 620, sai dai ɗigonsa mita 300 ne, ya yi wa rassan dam girma. PRISMA da EnMAP kuwa suna da sili a jere a wannan tsakani, da ɗigo na mita 30. A wurinsu, koren da kifi ke ci dabam, koren da ke iya kashe saniya dabam.

Ko a nan ma da sauran magana. Kyamarar tana ganin ƙwayar ne, ba ta ganin gubar. Nau'i ɗaya yana iya fitar da guba yau, gobe bai fitar ba. Abin da hoton ke cewa shi ne: ku je lungu kaza ku ɗibo ruwa, yau ba gobe ba. Wannan kaɗai babban abu ne, domin matatar da ta sami gargaɗi tana iya sauya zurfin da take jan ruwa, ta ƙara garin gawayi na tacewa, a kuma yi shela ga makiyaya su sauya mashaya.

Da wannan hanya ce kuma ake bambance tsirran da ke cin fuskar ruwa. Wanda ya san abin da kachala ta yi wa dausayin Haɗejiya da Nguru, yadda ta toshe hanyoyin ruwa ta kori manoma da masunta, ya san amfanin a gano ta tun tana 'yan hekta kaɗan.

Inda idon sama ya makance

Kashi mafi yawa na hasken da ke isa ga tauraro daga saman ruwa bai taɓa ruwan ba. Iska ce da ƙura suka watso shi. Sau da yawa abin da ya fito daga cikin ruwan bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, sai an yi lissafi an cire sauran. A ƙasashen da aka tsara wannan lissafi ba su san hazo irin namu ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana rataye a sama, kuma launinta ya yi kama da na lakar da ake son aunawa. Na'ura tana iya ganin ƙura a sama ta rubuta laka a ruwa. A damina kuma, daidai lokacin da ƙoramu ke kawo ƙasa, girgije ya rufe komai. A bazara, idan rana ta daidaita tsakiyar ka, fuskar ruwa takan yi walƙiya kamar madubi ta kashe wa kyamara ido. Ga shi PRISMA da EnMAP ba kullum suke ɗaukar ko'ina ba, sai an nema, kuma kusan wata guda suke yi kafin su sake bin layi ɗaya, sai fa in an karkata su. Wanda ya sami hotuna masu kyau 'yan kaɗan a shekara ya gode Allah.

Sannan haske ba ya nutsewa da nisa. A ruwa mai laka, abin da ake karantawa bai wuce saman ruwan ba, wani lokaci ƙasa da kamu biyu. Tudun lakar da ya taru a gindin dam tun 1983 ba ya fitowa a hoto. Wannan sai an shiga jirgin ruwa da na'urar auna zurfi ta amsa-kuwwa, an bi dam ɗin layi-layi.

Mafi muhimmanci, abin da ba shi da launi ba ya da shaida. Ƙwayar kwalara ba ta sauya launin ruwa. A 2021 Najeriya ta sami sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, sama da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya taɓa. Babu tauraron da zai ga wannan ƙwaya. Haka dalma da ta narke a ruwa, wato ƙarfen nan da ya kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, haka maganin feshi da ke gangarowa daga gonakin tumatir da albasa. Ruwa yana iya zama garai-garai a hoto alhali ajali ne a cikinsa.

Ga mutumin ƙauyen Kurfi da ke sha daga rijiya ko burtsatse, wannan fasaha ba ta da abin ce masa kai tsaye, tunda ba ta leƙa cikin ƙasa. Kududdufin bayan gari ma ya yi mata ƙanƙanta, sai in da jirgi maras matuƙi za a ɗauka, shi kuma tashinsa a yankin da ke fama da 'yan bindiga sai da izinin jami'an tsaro.

Wa zai shiga kwale-kwale?

Hoton tauraro ba ya zama awo sai an gwada shi da ruwa na gaske. Dole a ranar da tauraron zai wuce, a sa'ar da zai wuce, wani ya kasance a kan ruwan yana cika kwalabe a wuraren da aka yi wa alama, a kai ɗakin gwaji, a kwatanta abin da kwalba ta ce da abin da ɗigo ya ce. Sai an yi haka a damina da rani, shekara da shekara, sannan lissafin zai zama na Zobe, ba aron na wani tafki a Italiya ba. Kayan aikin farko ba su da tsada. Akwai faifan Sekki, wanda aka fara amfani da shi tun 1865: farin faifai ne kamar murfin tukunya, a ɗaura masa igiya mai alamar awo, a saka shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a rubuta zurfin. Masunci zai iya, ɗan sakandare zai iya.

A nan tsaro ya shigo. Dutsin-Ma da Kurfi, da maƙwabtansu Safana da Batsari da Ɗanmusa, sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Wannan ya ƙara wa kallo daga sama daraja, don tauraro ba ya bin hanya. Amma bai ɗauke buƙatar shiga ruwan ba, ya dai rage yawanta. Maimakon a ɗibi ruwa a wuri hamsin, sai a ɗiba a wuri goma da aka zaɓa da kyau, hoto ya cike sauran. Kuma waɗanda ke kan ruwan kullum, masunta da Sarkin Ruwansu, su ne suka fi cancanta a horar a kuma biya.

Ma'aikata ba su yi ƙaranci ba. Dam ɗin yana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta Gwamnatin Tarayya. Rarraba ruwan sha a garuruwa aikin Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina ne. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, da cibiyarta ta nazarin hotunan tauraro a Jos. Ta harba NigeriaSat-1 a 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, kodayake duk masu sili kaɗan ne kuma sun wuce wa'adin da aka ƙera su a kai. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana maƙwabtaka da dam ɗin, ga Jami'ar Umaru Musa Yar'adua a Katsina. Malamai da ɗalibai sun sha ɗibar ruwan Zobe suna aunawa, amma irin wannan bincike yakan ƙare ne a kundin digiri ko mujallar ilimi, ya yi wata shida ko shekara ya tsaya. Hotunan PRISMA da EnMAP kuwa ana ba masu bincike kyauta idan sun yi rajista, har suna iya neman a ɗauko musu wurin da suke so. Kuɗi ma akwai inda za a nema: shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, an yi shi ne domin gyaran ƙasa da magudanan ruwa irin na Karaduwa.

A ganina, abin da ya rage shi ne igiyar da za ta ɗaure waɗannan wuri ɗaya, da kuma al'adar faɗa wa jama'a sakamako. A ƙasar nan ba a saba ganin hukumar ruwa tana wallafa awon ruwanta wata-wata ba, kuma dam yakan shiga labarai ne sau biyu: ranar yanke kyalle, da ranar da ya ɓalle, kamar yadda na Alau ya yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024. Ɓallewa aikin injiniyoyin gini ne, launin ruwa ba zai hango ta ba, amma rashin kulawar da ke haifar da ita ɗaya ce da wadda ke barin ruwa ba awo.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar Gwamnatin Tarayya ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar ɗaliban Dutsin-Ma ko ta matasan Kurfi tana iya tambayar Hukumar Sakkwato da Rima yaushe aka yi wa Zobe awon zurfi na ƙarshe, kuma nawa aka samu. Tana iya tambayar Hukumar Ruwa ta jiha, ta hannun ɗan majalisarta in ta kama, sau nawa ake gwada ruwan da ke shiga matata da wanda ke fita, ko gubar gansakuka na cikin abubuwan da ake gwadawa, da kuma tan nawa na alif aka saya bara. Tana iya tambayar jami'a ko akwai wanda ya taɓa neman hoton Zobe daga Italiya ko Jamus.

Idan za a nema, lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne tsakanin ɗaukewar damina da saukar hazo, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da sama take wasai kuma dam yake cike. Na biyu a nemi ranakun bazara da ƙura ta lafa, lokacin da ruwa ya ja baya, kore ya fara fitowa a lungu. Taurarin suna wucewa ne da hantsi, don haka mai kwale-kwale da kwalabensa su kasance a tsakiyar ruwa tun ƙarfe tara.